Sayen Kayan Gyaran Mota Ta Intanet: Wanne Ake Amincewa Da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da mota Toyota Corolla ƙirar 2007, wadda aka shigo da ita daga Amurka. Bakanikena ya ce in sayo filogi huɗu, da fatar birki ta gaba, da shokaziba biyu na gaba, sannan fitilar gargaɗin injin ta daɗe a kunne, ya ce sansar da ke jikin salansa ce ta mutu. Da na duba intanet sai na ga waɗannan kaya a kan farashin da bai kai rabin wanda aka faɗa mini a kasuwa ba. Wasu an rubuta cewa na asali ne, wasu kuma na waɗansu kamfanoni ne da ban taɓa jin sunansu ba. Shin kayan nan suna da inganci, kuma suna yin ƙarko? Ina tsoron in yi asarar kuɗi, ina kuma tsoron abin da ya fi asarar kuɗi, domin da motar nake kai iyalina gida duk ƙarshen wata. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, intanet ba ta ƙera ko da kusa ɗaya, hanya ce kawai da kaya ke biyowa, kuma mai kyau da maras kyau duk ta nan suke bi, kamar yadda suke haɗuwa a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Abin da ya bambanta ta da kasuwa shi ne ba ka iya ɗaukar kayan ka juya shi a hannunka kafin ka biya, kuma ba ka san ƙofar shagon da za ka koma ka yi magana ba idan abu ya ɓaci. Saboda haka abin da nake so ka riƙa tambaya a kan kowane kaya shi ne wane kamfani ne ya ƙera shi, wane ne yake sayar maka da shi, kuma me zai faru da motar da mutanen cikinta ranar da kayan ya gaza. Wanda ya iya amsa waɗannan zai iya samun kaya nagari ta intanet, wani lokaci ma fiye da wanda zai samu a kasuwar garinsu. Wanda farashi kaɗai ya duba kuwa, cinikin biri a sama ya yi.

Yawancin rikicin da ake yi a kan wannan batu ya samo asali ne daga haɗa kaya iri dabam-dabam a ƙarƙashin suna ɗaya. Kamfanin Toyota ba shi ne yake ƙera duk abin da ke cikin motarka ba. Filogin da ta fito da shi daga masana'anta na Denso ne ko na NGK, kuma shi kansa Denso wani sashe ne na Toyota da ya zama kamfani mai zaman kansa a 1949. Aisin yana yi wa Toyota famfon ruwa da kuloci da giya, Advics da Akebono suna yin kayan birki, KYB yana cikin manyan masu yin shokaziba, Koyo da NSK kuma suna yin boris. A motocin Jamus ma haka abin yake, inda za ka tarar da Bosch da Sachs da Lemförder da Mahle. Idan irin waɗannan kamfanoni suka yi kaya aka zuba shi a kwalin Toyota da lambar Toyota, shi ne ake kira na asali, kuma shi ya fi tsada. Idan kuma suka zuba shi a nasu kwalin da nasu suna, to farashinsa yakan sauka ƙwarai alhali aikinsa bai bambanta da na farko ba, ko da yake a wasu lokuta akan sami ɗan bambanci tsakanin wanda suke kai wa masana'anta da wanda suke fitarwa kasuwa. Wannan kashi na biyu shi ne inda mai hankali yake samun sauƙi na gaskiya, kuma shi nake yawan tura mutane su nema.

Bayan su akwai kamfanonin da ba su suka yi wa motarka kayanta na farko ba, amma suna yin madadinsa da sunansu, suna da adireshi, suna da kundin kaya mai lambobi, kuma suna da mutuncin da suke karewa. A cikinsu akwai nagari akwai matsakaita, kuma sau da yawa kamfani ɗaya yakan fitar da aji biyu ko uku na kaya ɗaya, na masu neman araha da na masu neman ƙarko. Sai kuma kayan da ba su da uba, waɗanda ake zuba wa duk sunan da mai oda ya ga dama, yau a kira su da wannan suna, bayan wata shida a sauya. Na ƙarshe shi ne jabu, wato kayan banza da aka sanya wa rigar na asali, da tambari da kwali da komai. Ina so ka lura da cewa kaya mai araha da ya faɗi sunansa na gaskiya ya fi jabu daraja nesa ba kusa ba, domin na farko ya gaya maka matsayinsa ka saya da saninka, na biyu kuwa an gina shi ne tun daga tushe a kan yaudara, kuma wanda ya yi ƙarya a kan kwali babu abin da zai hana shi yin ƙarya a kan ƙarfen da ke ciki. Kuskure ne kuma a ce duk kayan Sin ba su da kyau, tunda manyan kamfanonin da na ambata da yawansu suna da masana'antu a can. Abin dubawa shi ne wanda ya ba da aikin da kuma ma'aunin da ya gindaya.

Game da farashin da ka ce bai kai rabi ba, akwai ragi mai dalili akwai maras dalili. Mai sayarwa ta intanet ba ya biyan hayar shago a bakin titi, kuma yana iya saye kai tsaye daga babban dila, don haka ba abin mamaki ba ne ya ɗan fi kasuwa sauƙi. Amma idan ka ga an rubuta cewa kaya na asali ne cikin kwalin Toyota, sannan filogi huɗu suna kan kuɗin da amintaccen dila yake sayar da guda ɗaya, to ka san banza ba ta kai zomo kasuwa. Babu ɗan kasuwar da yake sayen kaya da tsada ya sayar da araha don yana ƙaunar wanda bai taɓa gani ba. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka nemi lambar kayan a shafuka uku ko huɗu na dilolin da aka sani, ka ga inda farashin yake tsayawa, sannan duk wanda ya faɗo ƙasa da wannan da nisa ka bar shi.

Wani abin da mutane da yawa ba su fahimta ba shi ne cewa manyan shafukan ciniki irin su Amazon da eBay da AliExpress da Jumia kasuwanni ne da dubban 'yan kasuwa suke baje kaya a ciki, ba shago ɗaya ba ne. Sunan shafin ba shi ne shaidar kayan ba. Dole ka duba a ƙarƙashin kayan ka ga sunan wanda yake sayarwa, da tsawon lokacin da ya yi yana ciniki, da ko kayan mota ne sana'arsa ko kuwa yana haɗawa da takalma da cajar waya. Shafukan talla irin su Jiji da rukunonin Facebook da WhatsApp kuma wani abu ne dabam, domin galibi haɗa ka kawai suke yi da mai kaya, ciniki da biya tsakaninku ne, don haka a nan ƙa'idar ita ce kada kuɗi ya fita sai kai ko wakilinka ya ga kaya. Taurarin yabo da masu saye suke bayarwa ma ba su da nauyin da ake ɗauka, musamman a kayan mota, saboda yawancin mutane suna rubuta ra'ayinsu ne a makon da kayan ya iso, lokacin da ba su san komai a kansa ba face ya zo da wuri kuma ya shiga wurinsa. Bushin da zai tsage bayan wata biyar yana iya samun taurari biyar a makon farko. Ni idan zan karanta, ra'ayoyin waɗanda suka koka nake fara nema, in ga ko kukan nasu iri ɗaya ne.

Kafin a kai ga inganci ma akwai matsalar dacewa, wadda a ganina ta fi jabu yawan jawo asara ga masu saye ta intanet. Corolla ƙirar 2007 ba iri ɗaya ba ce a duniya. Wadda aka yi domin Amurka da Kanada tana ɗauke da injin 1ZZ-FE mai lita 1.8, alhali ire-irenta da aka sayar a Turai a shekarun da ke kusa da haka da yawansu masu lita 1.4 ne ko 1.6, kuma bodinsu da wasu kayan ƙafarsu sun bambanta. Don haka rubuta sunan mota da shekara kaɗai ba ya wadatarwa. Ka nemi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda take a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Idan ta fara da J, a Japan aka haɗa motar, idan da 1 ta fara a Amurka ne, idan kuma da 2 ne a Kanada. Alama ta goma a jerin ita ce take nuna shekarar ƙira a motocin Amurka, kuma taka ya kamata ta zama 7. Wannan yana da amfani domin ba sau ɗaya ba na ga motar da aka sayar wa mutum a matsayin ƙirar wata shekara, lambar shasi ta nuna wata dabam. Da wannan lamba za ka shiga kundin kayan Toyota ka fitar da ainihin lambar kowane kaya, mai alamomi goma, biyar kafin ɗan layi biyar bayansa. Fatar birki ta gaba takan fara da 04465, filtar baƙin mai da 90915. Da ka samu wannan lamba, sai ka je kundin kamfanin da kake so ka saya, Denso ne ko Akebono ko KYB, ka ga wace lamba tasu ce take daidai da ita. Da lamba ake saye, hoto ba ya isa. Ka kuma kiyaye da kayan da aka yi domin motocin Japan ko Ingila masu sitiyari a dama, tunda Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972 kuma sitiyarinmu a hagu yake. Fitilun gaba da rak na sitiyari da wasu wayoyi ba sa shiga juna tsakanin iri biyun, kuma fitilar da aka yi domin ɗaya ɓangaren titi takan watsa haske a idon mai tahowa.

Yanzu mu bi kayanka ɗaya bayan ɗaya, mu fara da filogi, domin yana cikin kayan da aka fi yi wa jabu a duniya, saboda ƙarami ne, yana da tsada, kuma ido ba ya saurin rabe na gaskiya da na ƙarya. Injinka yana amfani da filogi mai kan iridiyam, Denso SK16R11 ko NGK IFR5A11, mai tazarar milimita 1.1 a bakin da tartsatsin wuta yake fita. Iridiyam ƙarfe ne da ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400, shi ya sa ake iya yin kan filogin siriri ƙasa da milimita ɗaya kuma ya yi tafiya mai nisa, har Toyota ta sanya wa'adin canja shi a mil 120,000 a littafin motocin Amurka, ko da yake da irin man da muke sha da ƙurar da muke shaƙa ban cika barin kowa ya jira har can ba. Na jabu kuwa ƙarfe ne na gama-gari da aka fiƙe ya yi kama da shi. Ranar da aka ɗaura shi mota za ta tashi lafiya, sai bayan 'yan dubban kilomita kan ya cinye, tazarar ta buɗe, injin ya fara kakkarwa, mai ya fara tafiya. Buɗewar tazarar tana tilasta wa koyil, wato abin da yake ba filogi wuta, fitar da wutar da ta fi ƙarfinsa har ya ƙone, man da bai ƙone ba kuma ya gangara ya lalata matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kuɗinta ya ninka na filogi sau da yawa. Idan aka yi rashin sa'a ɗan guntun kan ko tangaran ɗinsa ya karye ya faɗa cikin silinda, to maganar ta koma ta buɗe injin. Akwai alamomin da ake dubawa, kamar kyawun zaren, da tsaftar rubutun da ke jikin tangaran, da ko ɗan zoben ƙarfen yana zamewa ya fita da hannu, amma gaskiyar magana masu jabu suna gyara aikinsu kullum, kuma ni da na daɗe a sana'ar nan an taɓa kawo mini saiti a gareji na juya shi na ce lafiya lau ne, bayan wata uku motar ta dawo tana tari. Tun daga ranar na daina dogara da idona a kan filogi, na koma dogara da wanda na saya a wurinsa.

Fatar birki ita ce inda nake so ka fi tsayawa, tunda ka ambaci iyali da doguwar hanya. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudunta zafi, kuma abin da ya raba fata mai kyau da maras kyau shi ne yadda take riƙe faifai bayan ta yi zafi. Fata mai rauni tana iya kamawa daidai a cikin gari, inda ake taka birki a hankali a saki, amma ranar da ka ɗauko kaya da mutane kana gangara, ko ka taka da ƙarfi sau biyu ko uku a jere saboda rami ko dabba, sai ka ji ƙafarka tana kan feda amma motar tana ci gaba da tafiya. Wata kuma manne ta da farantin ƙarfenta ne ba shi da ƙarfi, sai ta ɓalle gaba ɗaya. Abin farin ciki shi ne fatar birki tana da alamomin gwaji da za ka iya nema. A Turai akwai ƙa'idar da ake kira ECE R90, wadda ta wajabta cewa fatar madadi kada aikinta ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari, kuma wadda ta ci gwajin tana ɗauke da harafin E da lambar ƙasar da ta amince da ita, misali E1 na Jamus, tare da 90R a bayan farantin. A kayan da ake yi domin Amurka kuma za ka ga haruffa biyu a gefe ko bayan fatar, kamar EE ko FF ko GG, na farko yana nuna ƙarfin kamunta a matsakaicin zafi, na biyu a zafi mai tsanani. E tana nufin ma'aunin kamu tsakanin 0.25 da 0.35, F tsakanin 0.35 da 0.45, G kuma sama da haka zuwa 0.55. Ga mota irin taka FF ta wadatar, kuma idan harafi na biyu ya yi ƙasa da na farko, kamar FE, to alama ce cewa kamun yana raguwa idan ta ɗauki zafi. Fatar da ba ta da suna, ba ta da lamba, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, kada ka sa ta a motarka ko kyauta aka ba ka. Sai dai ka sani mai jabu yana iya buga alamar shi ma, don haka rashinta hujja ce a kan kaya, amma samuwarta ba ta ɗauke maka binciken mai sayarwa ba. Idan an ɗaura sabuwa kuma a duba faifan, a tabbatar bai yi kwari ko ya sirance ba, sannan ka yi kilomita 200 zuwa 300 na farko kana taka birki a hankali domin fatar ta zauna a kan faifan.

Shokaziba ba shi da wannan dogon bayani. Ka sayi na sanannen kamfani irin KYB ko Monroe, guda biyu tare, na hagu da na dama, ka kuma lura cewa lambarsu ba ɗaya ba ce. Mai araha yakan fara zubar da mai cikin 'yan watanni a kan hanyoyinmu, kuma mataccen shokaziba yana sa taya ta riƙa tsalle ta rabu da kwalta, wanda ke ƙara tsawon tazarar tsayawa. Matsalarsa wajen saye daga waje ita ce nauyi, domin kuɗin dako yana iya cinye duk ragin da ka gani, shi ya sa na fi son a neme shi a wurin dilan cikin gida.

Sansar salansa kuwa, ina roƙonka kada ka saye ta tukuna. Fitilar gargaɗin injin tana kunnuwa saboda dalilai masu yawa, kuma duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da mahaɗar da ake jona na'urar bincike a karanta lambar matsalar. Ka sa a karanta a gabanka, ka rubuta lambar. Idan P0171 ce, tana nufin iska ta yi wa mai yawa, kuma a wannan injin sau da yawa dalilin shi ne datti a kan sansar auna iska da ke bayan filtar iska, ko kuma gasket ɗin bututun shigar iska ya saki, abubuwan da gyaransu bai kai kuɗin sabuwar sansa ba. Idan P0420 ce, matatar hayaƙi ake zargi. Sansa tana ba da labarin abin da ta gani ne, kuma mutane da yawa suna canja mai kawo labari su bar matsalar tana nan. Idan bincike ya tabbatar da ita ce ta mutu, to ka san biyu ne a motarka kuma ba iri ɗaya ba ne. Ta gaba, wadda take kafin matatar hayaƙi, mai auna haɗin iska da mai ce, lambarta ta Toyota tana farawa da 89467, ta baya kuma da 89465. Wadda ake tallatawa cewa tana shiga kowace mota, a yanke waya a haɗa, ba ta dace da gurbin ta gaba ba. A kayan lantarki irin wannan, da koyil, da sansar auna iska, shawarata a motar Toyota ita ce Denso daga amintaccen dila, domin ƙwaƙwalwar motar da siginar wannan kaya aka saita ta, kuma na banza yakan ba ta labarin ƙarya ta riƙa zuba mai fiye da kima ba tare da ka san dalili ba.

Ba ka tambaya ba, amma tunda motarka ta wannan zamani ce, ya kamata in ambaci jakar iska. Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 suna cikin motocin da aka yi wa kiranye, wato aka nemi masu su su mayar da su a gyara, saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda sinadarin cikinta yake lalacewa da zafi da laima har ya fasa gwangwaninsa ya watsa ƙarfe a fuskar mutum, lamarin da ya kai kamfanin ga durƙushewa a 2017. Kana iya sanya lambar shasinka a shafin hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, ka ga ko an yi wa taka gyaran kafin a shigo da ita. Wannan hukuma tun a 2012 ta yi gargaɗi a kan jakunkunan iska na jabu da ake sayarwa ta intanet, waɗanda wasu ba sa buɗewa, wasu kuma suna tarwatsewa. Jakar iska, da bel ɗin kujera, da boljoyin, da tayarod, da tiyon birki, kaya ne da gazawarsu ba ta ba da sanarwa, don haka ba wurin gwada sabon suna ba ne. Amma madubin gefe, da hannun ƙofa, da murfin taya, da filtar iskar cikin mota, da robobin ƙasa, waɗannan ka saya inda ka ga sauƙi, idan sun lalace abin da ka rasa kuɗinsu ne kawai.

Sai maganar garanti, wadda take da daɗin karantawa a shafi amma amfaninta kaɗan ne ga wanda yake Zariya ya sayo daga Amurka ko Sin. Yawancin garantin yana nufin ka mayar da kayan a ba ka wani, kuma kuɗin mayar da shi yana iya fin kuɗin sayensa, ga shi kusan babu wanda yake biyan ladan bakanike ko ɓarnar da kayan ya jawo wa wani sashe na injin. Wa'adin mayar da kaya a shafuka da yawa kwana 30 ne ko ƙasa da haka, kuma idan ka bi ta hannun masu tara kaya su turo, wani lokaci wa'adin yakan ƙare kafin kayan ya iso hannunka. Saboda haka idan za ka kwatanta farashi, ka haɗa da dako da kuɗin kwastan da canjin dala na ranar, ka kuma tuna cewa kayan da aikin ɗaura shi yake da wahala, kamar famfon ruwa ko kuloci, idan ya mutu da wuri ladan aiki sau biyu za ka biya. Idan daga ɗan kasuwar cikin Nijeriya ka saya, kana da wurin kai ƙara, wato hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, sannan hukumar SON ita ce mai kula da ingancin kayan da ake shigowa da su, amma ko wannan ba ya yiwuwa sai kana riƙe da rasit da hoton tallar da kuma saƙonnin da kuka yi musaya. A nan ɗan kasuwar da bakanikenka ya sani shekara da shekaru yana da wata daraja da intanet ba ta da ita, domin yana jin kunyar a dawo masa da kaya a gaban maƙwabtansa.

Wani zai ce maka ka bar duk wannan ka sayi na Beljiyam, wato wanda aka kwance daga wata motar. A kayan da ba sa cinyewa da aiki, kamar ƙofa da fitila da kan giya da wasu ƙarafan ƙafa, na Beljiyam na asali yakan fi sabon madadi mai araha, kuma ni ma ina amfani da shi. Amma babu ko ɗaya daga cikin kayan da ka lissafa da ya shiga wannan sahu, tunda filogi da fatar birki da shokaziba da sansa duk suna da iyakar rayuwa, kuma ba ka san nawa suka ci daga cikinta ba.

Idan ka yanke shawarar saye, ka biya ta hanyar da shafin yake riƙe kuɗi har kaya ya iso, kada ka yarda mai kaya ya janye ka zuwa tura kuɗi asusunsa kai tsaye don ya yi maka ragi. Ranar da kayan ya zo ka ɗauki bidiyon buɗe shi, ka duba cewa lambar da ke kan kwali ita ce a jikin kayan, sannan a ajiye tsohon da sabon gefe da gefe kafin a ɗaura, a gwada tsawo da ramukan kusoshi da bakin soket, domin da zarar an ɗaura shi ya yi datti yawancin masu sayarwa ba sa karɓa. Ga motarka, ni da zan tsara, fatar birki zan fara saya a wannan makon, Akebono ko Advics ko ta Toyota, in sa a duba faifai da man birki a lokaci ɗaya. Filogi zan iya oda ta intanet amma daga dilan da kamfanin Denso ko NGK ya sani, shokaziba in nema a cikin gida, sansa kuma ta jira har a karanta lambar matsalar. Idan ka samu lambar ka turo mini ita tare da adadin kilomitan da motar ta yi, sai mu ga ko sansar ce da gaske.